Baƙo a Ƙasar Zamfara: Daga Alƙalawa Zuwa Bagega

Duk wanda ya saurari yadda ake kiran sarakunan yammacin Zamfara zai ji wani abu da ba kasafai muke tsayawa mu lura da shi ba. Wanda ke zaune a Anka, Sarkin Zamfara ne. Na Gummi, Sarkin Mafara. Na Bukkuyum kuwa, Sarkin Danko. Babu ko ɗayansu da sarautarsa ke ɗauke da sunan garin da fadarsa take. Birnin Zamfara kufai ne a yau, can arewa ta wajen Isa. Mafara suna ne da Gummi ke tarayya da Talatar Mafara a kansa. Danko kuma yana kudu, ta ɓangaren Zuru. Sarautun nan uku suna tuna mana cewa ƙasar da Gulbin Zamfara ya ratsa ƙasa ce ta masu tasowa daga wani wuri su sauka a wani, kuma da wuya a sami gidan da in an bi salsalarsa ba za a tarar da ranar da kakansa ya yi sallama a ƙofar wani ba.

Shi ya sa in muka ce mu mutane ne masu karɓar baƙi, ba mu yi ƙarya ba, sai dai maganar ba ta cika ba. Mun saba ɗaukar karɓar baƙi a matsayin kyakkyawan hali kawai, kamar fara'a ko kunya. Tarihin wannan yanki yana nuna cewa abin ya wuce haka. Tsari ne mai dokoki, akwai abin da ya hau kan mai gida, akwai kuma iyakar da aka shata wa baƙo. Sau biyu wannan tsari ya karye a gabanin zuwan Turawa, kuma duka biyun sai da aka zubar da jini.

Dokokin kansu duk mun san su, ko da ba a taɓa rubuta su ba. Baƙo yakan yi sallama daga waje, ya tsaya a zaure, ba ya wuce nan sai an ce ya shigo. Ruwa ake fara kawo masa, sannan fura, kuma ba a tambayarsa abin da ya kawo shi sai ya sha ya huta. In mai kwana ne, sai a ba shi masauki, a yanka kaza in da hali, maƙwabta su aiko da kwano don kada nauyin ya tsaya kan gida ɗaya. Da safe a je ban gajiya. Ranar tafiya a haɗa masa guzuri, a yi masa rakiya har bayan gari. Shi kuma nasa shi ne ya kama bakinsa da idonsa, kada ya shiga rigimar gari, kada ya zarce. Da muka ce baƙo raɓa ne, gargaɗi ne muke yi masa cikin ladabi: in rana ta ɗaga, a neme shi a rasa. Amma ginshiƙin abin duka shi ne mai masauki. Shi zai kai baƙon gaban mai unguwa ko mai gari ya ce wannan nawa ne. In baƙon ya ci bashi ya gudu, ko ya yi ɓarna, wuyan mai masauki za a kama. Wato babu baƙon da ke yawo a gari ba tare da wani ɗan gari ya tsaya masa ba.

Daular Zamfara ta daɗe. Ruwayoyin baka sun fara ta daga Dutsi, a ƙasar Zurmi ta yau, da sarki Dakka da magadansa waɗanda ake cewa ƙatta ne, har da sarauniya 'Yargoje. Daga baya aka koma Birnin Zamfara, kuma zuwa farkon ƙarni na 18 daular tana cikin masu ƙarfi a ƙasar Hausa, musamman bayan da Kabi ta fara rauni. A daidai wannan lokaci ne Gobirawa suka riƙa gangarowa daga arewa, inda Abzinawa suka matsa musu. Ba da yaƙi suka fara shigowa ba. Sun zo ne ƙungiya-ƙungiya, suna neman wurin noma da kiwo, sarakunan Zamfara kuma suka ga mayaƙa ne da za su yi musu amfani. Aka ba su wuri a gonakin alƙalin Zamfara, wanda daga nan ne sunan Alƙalawa ya fito. Ruwayar ta ce Sarkin Gobir Babari har ƙanwarsa Fara ya aurar wa Sarkin Zamfara Maroki, ya zama baƙo kuma suruki.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Baƙi suka yi yawa, suka yi ƙarfi, suka gina ganuwa a wurin da aka ba su aro. Tsakanin 1762 da 1764, gwargwadon lissafin da mutum ya bi, Babari ya ci Birnin Zamfara, Maroki ya gudu Kiyawa, Alƙalawa ta zama babban birnin Gobir. Masu gida suka koma baƙi a ƙasarsu. Gidan sarautar Zamfara ya shafe kimanin shekara sittin yana yawo, daga Kiyawa zuwa Sabon Gari zuwa Ruwan Gora, kafin ya zauna a Anka a shekarun 1820. Bajamushen nan Kurt Krieger, wanda ya tattara ruwayoyin fada a Anka ya buga tarihin Zamfara a 1959, da Dokta Garba Nadama, wanda ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan tashi da faɗuwar daular a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977 kafin ya zama gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, duk sun bi sawun wannan yawo.

A cikin waɗannan shekaru na watsewa ne wani baƙon ya iso. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi sun shafe kimanin shekara biyar a ƙasar Zamfara suna wa'azi, a ƙarshen shekarun 1780, kamar yadda Abdullahi ya bayar da labari a littafinsa Tazyinul Waraƙat. Malami mai yawon wa'azi a wancan zamani ba shi da albashi, ba shi da rumbu. Shi da ɗalibansa a kan kwanon mutanen gari suke. Duk garin da suka sauka, irin su Faru, wasu mata ne suka daka, wasu maza suka buɗe rumbu. Littattafan jihadi sun adana sunayen malamai da mayaƙa, amma ba su adana sunan wanda ya ciyar ba.

Akwai wata Babbar Sallah da ta shiga tarihi a wannan tsakani. Wajajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malaman ƙasarsa a filin Idi a Magami, ya raba musu kyauta kamar yadda sarakuna suka saba yi ranar Sallah. Shehu ya ƙi karɓar dukiyar. A maimakonta ya nemi abubuwa biyar: a bar shi ya yi kira zuwa ga addini, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki fursunoni, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Masana da dama sun ruwaito cewa cikin waɗanda aka kwance a dalilin wannan roƙo har da Abarshi, ɗan gidan sarautar Zamfara. Ashe filin Idi ba wurin sallah da sababbin riguna ba ne kawai. Rana ce da sarki ke zama a fili, kowa na ganinsa, kuma abin da aka roƙe shi a gaban jama'a yana da wuyar hanawa.

Wannan alheri ya dawo bayan shekara goma sha shida. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin jama'ar Shehu da Gobir a 1804, aka yi nasara a Tafkin Kwatto, sannan aka sha mummunan kashi a Tsuntsuwa a ƙarshen shekarar, jama'a ta rasa abinci da wurin fakewa. A farkon 1805 suka gangaro Sabon Gari a ƙasar Zamfara. Zamfarawa sun karɓe su, don malamin da suka sani ne, kuma maƙiyinsu ɗaya. Daga wannan masauki ne aka shirya rundunar da Abdullahi ya jagoranta ta ci Birnin Kabi a watan Afrilun 1805.

To amma runduna ba baƙon kwana uku ba ce. Dubban mutane ne da iyalansu da dabbobinsu, a shekarar yunwa, a kan ƙauyukan da su ma ba su gama farfaɗowa ba. Masu fita neman abinci suka fara ɗauka ba tare da an ba su ba. Kafin shekarar ta ƙare, garuruwan Zamfara da yawa sun juya baya, wasu suka haɗa kai da Gobirawan da suka rusa musu birni. Abin lura a nan shi ne Muhammadu Bello bai ɓoye dalilin ba. A Infaƙul Maisuri ya nuna cewa mutanen ɓangarensu ne suka riƙa zaluntar Zamfarawa har suka ƙi su. Wannan bai hana rundunonin jama'a komawa su murƙushe garuruwan da suka yi tawaye ba, bayan yaƙin Alwasa, kuma kwarin Zamfara ya ɗanɗana kuɗarsa. A makarantu ana koya mana wannan babi a matsayin taurin kan Zamfarawa. A ganinmu, wanda ya buɗe rumbunsa da hannunsa, ya wayi gari an fasa masa shi, ya cancanci a saurari nasa bayanin. Shi ma Abdullahi abin da ya gani na kwaɗayin dukiya cikin rundunar ya dame shi har ya bar ta a 1807 ya nufi gabas, sai a Kano aka shawo kansa.

Da a ce labarin iyakarsa ke nan, da sai mu ce mutanen wannan ƙasa sun ga abin da zai sa su toshe zaure. Ba su toshe ba, kuma Gummi ce shaida. A ƙarni na 19 babbar hanyar fataucin goro tsakanin Kano da Gwanja ta biyo ta kwarin Zamfara, ayari ya sauka Gummi, ya wuce Jega ko Yawuri, ya ƙetare Kwara, ya doshi kasuwar Salaga a arewacin Ghana ta yau. Tafiya ce ta watanni, da jakuna da alfadarai ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a komo da goro. Cikin manyan rukunoni uku da suka riƙe wannan fatauci, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, na ukun Gummi ce cibiyarsu. Asalinsu mutanen Barno ne da suka sauka a nan, suka zama Hausawa, daga baya wasunsu suka koma Kano da sunan da suka samo. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi rubutu na musamman a kansu a 1973.

Abin da ya sa wannan baƙunta ta yi albarka, waccan ta Alƙalawa ta zama masifa, ba wai Barebari sun fi Gobirawa kirki ba ne. Fatake sun shigo ta ƙofar da tsari ya tanada. Madugu yakan aika a sanar da sarki kafin ayari ya iso, a nuna musu zango, a biya abin da aka yanka na fito da kuɗin hanya. Kowane falke yana da fatomansa, wato mai masaukin da ke ba shi ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya tsakani in ciniki ya rikice, ya ɗauki la'adarsa. Fatoma yana cin riba, saboda haka yana son baƙo. Yana kuma ɗaukar asara in baƙon ya ci amana, saboda haka yana sa masa ido. Matan gari suna sayar da fura da tuwo da hoce a zango, masu ciyawa da masu itace suna samu. Baƙon da ya ga wuri ya yi masa sai ya nemi aure a gidan fatomansa ko maƙwabta, 'ya'yansa su tashi 'yan gari.

Kalmar masauki ma a bakin mutanen nan ba haka take fita ba. Masabki ake cewa, don baƙo sabka yake yi, ya zamna, in ya so ya yi amre. Ana ce masa yaushe kaz zaka, ya amsa da lahiya lau. Munka tahi, sunka iso, anka yi. Gidanai, rigatai, ɗiyanai. Shi na, ita ta. Biyat a maimakon biyar. Zamfarci reshe ne na Hausar yamma, ɗan'uwan Sakkwatanci da Kabanci da Gobirci. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, masana harshe sun daɗe da nuna cewa a wurare da dama wannan Hausar ce ta riƙe tsohuwar siga. Tun 1928 Bajamushe August Klingenheben ya bayyana yadda baƙaƙe irin su b da m a ƙarshen gaɓa suka narke suka koma u a Hausar gabas. Wato sabka ta girmi sauka, zamna ta girmi zauna, abduga ta girmi auduga. Haka munka da sunka sun riga muka da suka. Waƙoƙin ajami na zamanin jihadi, irin na Nana Asma'u da ɗan'uwanta Isa, da wannan Hausar ta yamma aka tsara su.

Boko ne ya sauya lissafin. Da aka kafa hukumar fassara da talifi a Zariya, Rupert East ya riƙe ta a shekarun 1930, aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, sai Hausar Kano ta zama ma'aunin rubutu. Yaron Bukkuyum ya shiga aji ya tarar da cewa yadda uwarsa ke magana kuskure ne a takarda. Ko Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, wanda aka haifa a Gummi a farkon shekarun 1920, ɗan alƙalin garin, da ya zo fassara Alƙur'ani da daidaitacciyar Hausa ya yi, don ita ce kowa zai karanta daga Legas har Agadas. Mu ma ga shi da ita muke wannan rubutu. Inda Hausar yamma ta ƙi ba da kai shi ne bakin makaɗa: Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Kassu Zurmi sun sa Bakano da Bazazzagi sun haddace ta ba tare da sun shirya ba. A finafinai kuwa, sau da yawa in an sa wa mutum wannan karin harshe, to ana so a yi masa dariya ne.

Ranar Sallah ce ranar da duk waɗannan dokoki na baƙunta ke fitowa fili a lokaci ɗaya. Tun jajibere ake fitar da zakkar kono, don kada a wayi gari da gidan da ba a ɗora tukunya ba. Tuwon Sallah ba don 'yan gida ake yin sa ba. Yara ne ke ta zirga-zirga da kwanoni, na wannan gida ya tafi wancan, na wancan ya zo nan, har mai gida ya rasa gane wanne ne girkin gidansa. Da Babbar Sallah naman layya ma haka, kaso na gida, kaso na dangi da maƙwabta, kaso na mabuƙata, wanda bai samu ikon yanka ba kuma ya shiga watanda. Sannan ga mutanen ƙauye. Hakimai da dagatai su shigo Anka ko Gummi ko Bukkuyum da dawakansu da makaɗansu don hawa da gaisuwar sarki, talakawansu na biye, kuma kowane ƙauye ya san gidan da yake sauka a cikin gari, sau da yawa gidan da kakanninsu suka saba sauka. Fulani su fito daga ruga da kwalliyarsu, a yi shaɗi a bayan gari, 'yan kallo Hausawa sun fi masu wasan yawa.

Zaman Fulanin nan da manoma shi ma wani nau'in masauki ne. In an kawar da amfanin gona, makiyayi ya sauka a gonar wanda suka saba, shanu su ci kara da harawa su bar taki, mai gona ya kai dami, matar ruga ta kawo nono da man shanu. Bafulatani yana da mai masaukinsa a gari, wanda yake ajiye wa kuɗi da saƙo, wanda zai raka shi gaban alƙali in shanu sun yi ɓarna. Furar da muke tarbar baƙo da ita ma sai an haɗa hannu biyu take samuwa, geron manomi da nonon makiyayi. Ba muna cewa ba a faɗa ba ne a da. Ana yi, har a ji rauni. Amma akwai wanda za a kira, kuma akwai burtali da mashaya da makiyaya da kowa ya san iyakarsu. Da aka riƙa yanka dazuzzukan kiwo ana raba wa masu hali, aka nome burtali, aka mayar da kotu da ofishin 'yan sanda wurin tatsar mai shanu, sai wanda za a kira ɗin ya zama ba shi da abin da zai iya yi.

Jihar Zamfara ta samu kanta ranar 1 ga Oktoban 1996, bayan kusan shekara ɗari biyu ana kai gaisuwa Sakkwato. Ba a cika shekara goma sha biyar ba zinariya ta jefa yammacinta cikin wani hali. Farashinta ya haura dala dubu a kan kowane oza a kasuwar duniya, mutane suka bar gona suka koma rami. Dutsen da ake haƙowa a gida ake kawo shi, a daka a turmi, a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen kuwa cike yake da dalma. A farkon 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta gano cewa yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Tungar Daji. Kimanin yara 400 ne suka rasu, dubbai kuma gubar ta shiga jininsu. Bagega, wadda ta fi kowanne girma, sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, bayan an daɗe ana jiran kuɗi daga Abuja. Likitocin da suka zo a matsayin baƙin 'yan makonni sun shafe fiye da shekara goma a Anka.

Ramukan zinariya sun tara mutane daga ko'ina, daga jihohin maƙwabta da Nijar da ƙasashen da suka fi nan nisa. Wannan karon babu madugu, babu fatoma. Mutum ya sauka daga babur a bakin rami, ya kafa bukka, ba wanda ya kai shi gaban mai gari, ba wanda zai amsa in ya yi laifi. Da gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a watan Afrilun 2019, ta ba 'yan ƙasashen waje wa'adi su bar wuraren, bindiga ta riga ta cika dajin. Kuma ya kamata mu faɗi gaskiya, mafi yawan masu riƙe da ita ba daga wata ƙasa suka zo ba. An san iyayensu, an san rugar ko ƙauyen da aka haife su. Wasu sun ɗauke ta ne bayan 'yan sa-kai sun kashe musu dangi a kasuwa ba shari'a, wasu kuma don sun ga ta fi noma da kiwo kawo kuɗi, kuma talakan ƙauye, Bahaushe da Bafulatani, shi ke biya. A watan Satumban 2021 aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a jihar. A farkon Janairun 2022 aka afka wa ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum cikin 'yan kwanaki. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna yankin suka ce sun kai 200.

Yanzu in baƙuwar fuska ta yi sallama a ƙauye, kafin a kawo ruwa an fara tambayar wane ne, wa ya aiko shi. Kalmar infoma ta shigo bakin kowa, kuma ta ci mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Mai masaukin Bafulatani yana tsoron a ce da shi ake haɗa baki, Bafulatanin kuma yana tsoron shigowa kasuwa. Ko karin harshen bai tsira ba. Wanda ya buɗe baki a tashar wani babban gari da munka da sunka, wani lokaci sai ya ga an ƙara dubansa.

Duk da haka, nauyi mafi girma da wannan rikici ya haifar, tsohon tsarin nan na masauki ne ke ɗauke da shi. A Anka, wurin da ake gina sabuwar fadar sarki ya zama sansanin 'yan gudun hijira. Amma mafi yawan waɗanda suka tsero ba a sansani suke ba. Suna gidajen mutane, a zaure da shago da kangon da ba a gama rufawa ba, sau da yawa a gidan nan da ƙauyensu ya saba sauka ranar Sallah. Mai gida da ke auna hatsi da tiya yana ciyar da gida biyu ko uku, kuma sunansa ba ya cikin takardar masu raba kayan agaji.

An taɓa ganin irin haka a wata ƙasa mai nisa. Kazakawa, makiyayan tsakiyar Asiya, yunwar da tsarin gonakin gwamnati na Tarayyar Sobiyet ya jawo ta kashe musu fiye da mutum miliyan ɗaya tsakanin 1930 da 1933. Ba su gama binne nasu ba Stalin ya fara jibge musu al'ummun da ya kora daga gidajensu a jiragen ƙasa: Koriyawa a 1937, Jamusawan Rasha a 1941, mutanen Checheniya a 1944. Jikokin waɗannan korarru har yau suna ba da labarin yadda masu gidan, da yunwarsu, suka raba busasshen cuku da ɗaki da su. Sai a 2016 ƙasar Kazakistan ta ware ranar 1 ga Maris a matsayin Ranar Godiya, bayan yawancin waɗanda za a gode wa sun mutu.

A nan ba a kai ga maganar godiya ba, don baƙin ba su tafi ba. Wasu sukan koma gona da damina bayan ƙauye ya tara kuɗin da masu daji suka yanka masa, su dawo gari kafin dare. Wasu sun daina komawa. Yaran da aka haifa a Anka a shekarar da iyayensu suka tsero yanzu sun isa yawon Sallah, suna bin gida-gida da sa'o'insu 'yan gari ana ba su goron Sallah tare. A al'adarmu kuwa garin uba shi ne garin ɗa, don haka in aka tambaye su 'yan ina ne, sunan ƙauyen da ba su taɓa kwana cikinsa ba za su faɗa.